Fadamar Kebbe, Har da Kwaɗin Ciki

Talata, bayan azahar

Lauya ta ce in rubuta. Ta ce, "Baba, rubuta abin da ya faru tun daga farko, ban da gishiri." Na ce mata ni da gishiri anka haife ni, in an cire shi sai dai a zubar da miyar. Ba ta yi dariya ba. Tun da ta dawo daga Sakkwato ban ga haƙorinta ba.

Lauya ita ce ɗiyata ta fari. Ba ni faɗin sunanta da baki, amma takarda ba ta da kunya: Ruwaida. Tana aji uku a jami'a, karatun shari'a. Ba ta zama lauya ba tukuna, ni na ba ta muƙamin, kamar yadda na ba kaina Alhaji alhali ban taɓa wuce Jega ba.

To ga abin da ya faru, ban da gishiri. Ni ne Haliru, masinja mai ritaya, nan Tambuwal. Na yi aji huɗu na firamare, sannan ni da makaranta munka rabu ba wanda ya yi kukan wani. Ina da fadama a Kebbe, gadon ubana. Da na samu aiki sai na bar ta hannun Almu, ɗan goggona, taubashina, ya riƙa nomawa. Bana na aje aiki, na ga fansho ba ta cika tukunya, na ce bari in koma in noma abina. Har na sayi irin shinkafa, ga buhun nan a zaure. Mansur ɗan Almu ya ce fadama tasu ce. Munka je gaban alƙali. Munka dawo.

Ta karanta, ta ɗago kai. "Kunka dawo da mi?"

Na ce da ƙafafunmu.

Laraba, hantsi

Ta ce akwai ɗaukaka ƙara, amma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Ta aika a kwafo mata kundin shari'ar. Kafin ya iso za ta fara da abin da na gaya mata.

Na ɗauka littattafan nan da ta cika jaka da su za ta fara buɗewa. A'a. Ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ta aje farar takarda, ta zauna tana kallonta kamar mai jiran ta yi magana. Na ce ko in kawo mata tabarau? Ta ce, "Ba a buɗe littafi sai an san tambaya. Mi ne ne tambayarmu?"

Na ce tambayarmu ita ce, yaya yaron da na riƙe wa ƙafar rago ran sunanshi zai dube ni a gaban jama'a ya ce ban da gona.

Ta ce, "Wagga ta zuciya ce, Baba. Kotu ba ta da littafinta."

Sai ta shiga yi mini tambayoyi irin na kabari. Wace shekara na bar fadamar? Wa ke wurin? Na ce aro ko ban ce ba? Da na ce "azzalumin yaro" sai ta rubuta "Mansur". Da na ce "tun duniya na kwance" sai ta ce wace shekara ce duniya ta kwanta. Daga nan ta ce sai an san wace doka ke riƙe da maganar: ta gwamnati, ta Musulunci, ko al'adar wuri. Rijiyoyi uku ke nan, in ji ta, kowace da ruwanta, kuma ta tamu kotu ta Musulunci ce. Na ce ni dai ƙishirwata ɗaya.

Ban gaya mata duka ba. Ba ta tambaye ni abin da na ce a kotu ba, ni kuwa mutum ne mai ladabi, ba ni amsa abin da ba a tambaya ba.

Alhamis, la'asar

Hinde, matata, ta share ɗakin hatsi yau. Ba abin sharewa a ciki. Ta share dai.

Jumma'a, bayan an sauko masallaci

Hadari ya taso ta gabas, ya watse.

Lauya ta samu kalma. Ta ce in ba ka san sunan abu ba, ba ka iya nemanshi, shi ya sa ake fara wa da littafin koyarwa, mai bayani a sauƙaƙe, don a samo sunan. Da sunan ake shiga fihirisar bayan manyan littattafai, da shi ake tambayar waya. Ni da na yi shekaru ina kai takarda daga ofis zuwa ofis na gane wannan: in ba ka san sunan mai teburi ba, sai ka wuni a baranda.

Kalmar ita ce hauzi. Wai in mutum ya daɗe yana cin gona, mai ita na gani bai ce uffan ba, to shari'a tana iya rufe bakin mai ita. Na buɗe baki zan yi magana. Sai ta ce in saurara. Tsakanin dangi shekarun da ake nema sun fi yawa nesa ba kusa ba, don an san kunya na hana ɗan'uwa magana. Kuma aro, ko ya tsufa, aro ne.

Sabis ba ya kamawa a gidan nan sai kusa da katangar makewayi. Can ta tsaya, ƙafa ɗaya bisa turmi, waya a sama kamar mai roƙon ruwa, har ta saukar da shari'o'in da manyan kotuna sunka yanke a kan maganar. Kowace ta samu sai ta rubuta sunanta, da shekara, da kotun da ta yanke, da shafi. Na ce ba ki yarda da kanki ba ne? Ta ce abin da ba ka iya komawa ka nuna inda ka gan shi, ba ka gan shi ba.

Ta yi murmushi yau. Ta kira uwarta ta ce, "Inna, in a kan hauzi alƙali ya yanke, ya yi kuskure." Hinde ta ce Allah ya sa, ta dube ni. Hinde tana kotu ranar.

Kullum bakina ke jawo mini. Yau na gwada shiru, ga alama shi ma ya iya.

Lahadi, da safe

Na zauna bisa buhun iri. Kujera mai kyau.

Litinin, bayan la'asar

Kundi ya iso.

Ta karanta shi a tsaye. Ta sake karantawa a zaune. Sannan ta ce, "Baba, zo." Ba ta taɓa ce mini zo ba, ita ke zuwa.

Babu hauzi a ciki. Ko sau ɗaya alƙali bai ambace shi ba. A kan kyauta ya yanke.

Bari in rubuta, tunda an ce ban da gishiri. Ni ɗan namiji ne, Almu ɗan mace, saboda haka ni ne ubangida, shi bawa, haka munka taras. Kowace shekara ran cika-ciki sai ya taso tun daga Kebbe da igiya a kafaɗa, ya kama ni a gaban mutane ya ce ba ya saki sai na biya shara. Ni kuwa aljihun masinja kowa ya san shi. Sai in ba shi abin da ya fi ƙarfin aljihu. Wata shekara na ba shi wata da taurari. Wata shekara na ba shi titin Sakkwato har da motocin da ke bisa. Na ba shi kasuwar Dogon Daji. Na ba shi Hinde, ta biyo mu da muciya. Wata shekara kuma, a ƙofar gidanshi, gaban dattawa, na ce, "Je ka, bawa, na ba ka fadama, har da kwaɗin ciki." Anka yi dariya, ya kwance ni, munka ci tuwo.

Shaidun Mansur ba su tuna wata da taurari ba. Fadama sunka tuna.

Alƙali ya juyo ya ce, "Malam Haliru, ka faɗi wannan magana?" Kotu ta yi tsit. Ni ban iya tsit ba, tun ina yaro yana sa ni ƙaiƙayi. Na ce, "Allah gafarta Malam, na faɗa, har da kwaɗin ciki." Kotu ta kwashe. Shi kanshi alƙali sai da ya ja rawani ya rufe baki.

Lauya ta sa yatsa a kan layin. Magatakarda ya rubuta: mai ƙara ya amsa cewa ya faɗa. Shi ke nan. Dariyar ba ta shiga takarda ba.

Na ce ai kowace kaka Almu na aiko mini da shinkafa, wannan bai nuna aro ba ne? Ta buɗe wani shafi. Mai babur ɗin kabu-kabun da ke kawowa ya ba da shaida a kan saƙon da Almu ke haɗo shi da shi: "A kai wa matsiyacin Tambuwal sadaka."

Haka yake cewa kuwa. Ni kuma in aika a ce mishi bawa ya kyauta, an ƙara mishi shekara ɗaya ta bauta.

Ta tattara takardun hauzi duka, aikin da ta sha rana a kanshi, ta ɗaure da zare ta tura ƙarƙashin tabarma. Na jira faɗa. Ta ce, "Laifina ne. Malaminmu ya ce kada ka fara bincike da bakin mai ƙara, ko da ubanka ne. Fara da hukuncin. Ban san da ni yake ba."

Da ta zage ni da ya fi.

Talata, azahar

Ba a yi ruwa ba.

Laraba, da marece

Sabuwar tambaya, ta rubuta ta da manyan baƙaƙe ta jingina da buta: kyautar da anka yi da wasa, kyauta ce?

Ta je zauren liman da hijabinta da alƙalaminta, ya fito mata da littattafan fiƙihu masu jan bango. Ta dawo ta ce aure da saki kam ba a wasa da su, wannan kowa ya sani. Na ce alhamdu lillahi da Almu bai riƙe maganar Hinde ba. Hinde daga madafa ta ce, "Da ya riƙe da na huta." Wannan ce magana mafi tsawo da ta yi mini cikin makon nan, na ji daɗinta.

Kyauta kuwa, in ji Lauya, ana duba lafazi, ana duba ko wanda anka ba ya karɓa ya riƙe. Almu na riƙe da fadamar tun kafin in buɗe baki. Mai cewa wasa yake, shi zai kawo alamar da ke nuna wasa ne. Na ce duk Kebbe ta san ni. Ta ce, "Kebbe ba ta cikin kundi."

Gobe za ta Sakkwato, laburaren makarantarsu. Ta ce waya ba ta da komai da komai, wasu tsofaffin shari'o'i sai a kan takarda.

Jumma'a, hantsi

Ta dawo da hotunan shafuka dami guda, ta kwanta da ciwon kai. Na ce bari masinja ya taimaka. Turancina irin na bayan ambulan ne, amma in na bi da yatsa ina kaiwa.

Kuma na samu. Wallahi ni na samu. Wata shari'a ce ta gona tsakanin 'yan'uwa, can wajen ƙarshe alƙalin ya ce ba a ɗaukar maganar mutum a raba ta da wurin da ya yi ta, da wanda ya gaya wa, da al'adar da ke tsakaninsu. Na karanta har na haddace. Na ja layi a ƙasa da jan biro.

Ban tashe ta ba. Na sa babbar riga na nufi teburin mai shayi, na karanta wa majalisa da Turanci, na fassara, na ƙara gishiri. Na'iya direba ya ce, "Haliru, ashe asarar lauya anka yi da kai." Na ce ba a makara ba, in ɗiyata ta buɗe ofis ni ne babba, ita ke kai takarda.

Jumma'a, bayan la'asar

Alƙalai uku ne sunka zauna a kan waccan shari'a. Biyu sunka yanke ɗaya hanyar. Wanda na ja wa layi shi ne na ukun, wanda ya saɓa musu.

Lauya ta ce ba a tsintar magana daga tsakiyar shari'a kamar ana tsintar ƙashi a miya. Sai an karanta daga kai har wutsiya, a san wa ke magana, a san wa ya rinjaya. Sannan a bi bayanta a gani ko wata kotu ta sama ta taɓa waiwayar maganar. Ta bi. An waiwaya, an bi biyun.

Na ce ashe su ma suna da Haliru a can. Ya yi magana mai daɗi, kowa ya ji, anka tashi anka bar shi da ita.

Ban koma teburin shayi ba.

Asabar, azahar

Hadari ya taso, ya watse.

Lahadi, bayan la'asar

Yau na same ta tana tara hujjojin Mansur. Da kyau, a jere, kamar shi ya aike ta. Na ce, "Ke lauyar wa ce a gidan nan?"

Ta ce, "In ban nemo sandar da za a buge mu da ita ba, a kotu za mu fara ganinta."

Sandar kuwa mai kauri ce. Abin da mutum ya amsa da bakinshi gaban alƙali a kan haƙƙin wani, ba ya dawowa ya ce ya fasa. Kotun sama kuma ba sabuwar shari'a take yi ba, takarda take dubawa ta ga ko na ƙasa ya kauce. Na ce to in je in yi musu bayani da kaina mana. Ta dube ni, ni ma na ji abin da na faɗa.

Hinde ta ce in je in ga Almu. Ban je gidanshi ba tun bara da ciwo ya same shi. Ɓarin jikinshi na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Na je sau ɗaya a asibiti, na tsaya bakin ƙofa, na rasa abin da zan ce. Ni da Almu ba mu taɓa yin maganar hankali ba tun muna tsirara. Ko ran da ubana ya rasu, da ya zo gaisuwa cewa ya yi, "To, ubangida ya zama maraya, wa zai saye shi?" Kuma duk cikin masu gaisuwa tashi ce kaɗai ta shiga.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san wasa ne. Ga shi can kwance.

Talata, hantsi

Ta daina hawa turmi.

Na ce data ta ƙare? Ta ce a'a. Ta ce ta shiga ta ƙofar kyauta, ta shiga ta ƙofar wasa, ta shiga ta iƙirari, ta canza kalmomi, ta tambayi malaminta ta waya, kuma kowace hanya shari'o'in nan guda dai take maido mata, waɗanda ta riga ta karanta. "An koya muna, in ka ga haka, bincike ya ƙare. Ba wai ka samu abin da kaka so ba. Ka dai ga iyakar abin da ke akwai."

Na ce irin ɓatan daji ke nan, ka yi ta tafiya kana dawowa gindin tsamiya ɗaya.

Ta ce, "I, Baba." Sai ta sa fuska cikin hijabi. Na nemi abin dariya, aljihu wayam.

Laraba, da safe

Ba a yi ruwa ba. Ƙwari sun fara shiga buhun. Su dai sun samu gado.

Alhamis, bayan azahar

Ta zo da wani abu, ta ce kada in kai shi teburin shayi.

Wanda ba ya iya magana, in hankalinshi na nan, kuma ishararshi a fili take kowa na ganewa, malamai sun ce ana iya aiki da ita. In Baba Almu ya nuna da kai ko da hannu, gaban liman da dattawa, cewa aro ne, to ko kotun sama ta karɓi sabon abu ko ba ta karɓa ba, wannan wata wahala ce, amma Mansur ba zai tsallake ubanshi ba. Yaron ba mugu ba ne. Ya tashi yana jin mutane na cewa fadamar shara, a cikinta ya koyi riƙon kalmen noma, da ita yake sayen maganin tsohon. Ya yarda da abin da yake faɗa. Wannan ya fi ciwo.

Ta ce, "Tambaya ɗaya, Baba. A fili. Aro ne ko kyauta. Kada ka ce bawa. Kada ka ce kwaɗi. Kada ka yi dariya."

Ta sa na maimaita ina kallon turmi. Na yi daidai. Turmi bai san ni ba.

Asabar, bayan isha'i kaɗan

Mun je Kebbe, mun dawo.

Lahadi, hantsi

Jiya hannuna bai riƙe biro ba. Bari in gwada.

Hanyar ta ci mana ƙugu a kan kabu-kabu. Mansur ya tarbe mu a ƙofa, ya durƙusa har ƙasa, "Baba, sannu da hanya," ya karɓi takalmana ya jera. Da ya ɗaure fuska da na san yadda zan yi da shi. Limamin unguwarsu ya zo, da dattawa biyu. Lauya ta yi musu bayani, murya ba rawa. Na ji kamar in ce ku gani, tawa ce, amma an hana ni magana.

Anka shigar da mu. Almu ya rame, ya koma kamar sandar kiwo. An jingina shi da filo. Ɗakin na warin man zafi. Ya gan ni. Idon hagun ya yi haske, irin hasken da na sani tun muna satar mangwaro, wanda ke nufin yau ka shiga uku.

Na zauna. Na gaishe shi gaisuwar mutane: ya jiki, Allah ya sawwaƙe. Ya dube ni kamar na zo da kan wani.

Na ce, "Almu, fadama. Aro na ba ka ko kyauta? In aro ne, ɗaga kai."

Ɗakin ya yi tsit. Na danne ƙaiƙayin.

Ya daɗe yana kallona. Sai ɓarin bakin nan mai rai ya fara rawa. Ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya buga ƙirjinshi. Ya sake bugawa, wato tashi ce. Sannan ya nuna ni, ya juya hannun a iska kamar mai naɗa igiya, ya ja. Wani sauti na fita daga maƙogwaronshi, hawaye na bin kuncin da ya mutu. Matarshi daga bakin ƙofa ta ce, "La ilaha illallahu, tun da ya kwanta bai yi dariya ba."

Taubashi ba ya cewa ka fi shi gaskiya. Ko a bakin kabari. Da ni ne kwance, shi ya zo da liman, abin da zan yi ke nan. Ko kuwa da gaske yake? Na dube shi, na dube shi, wallahi ban sani ba. Liman ma bai sani ba, ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha.

Hannun yana nan a sama, riƙe da igiyar da babu. Yana jira. Shekara guda yana jiran wani ya zo ya yi mishi magana kamar yana da rai.

Lauya ta ce, "Baba." A hankali ta faɗa.

Na ji ta. Kada a ce ban ji ta ba.

Na ba shi amsar da ake ba bawa in ya kama ubangida. Gaban liman, gaban dattawa biyu, gaban ɗanshi. Na sake ba shi fadamar, ban rage ko kwaɗo ɗaya ba.

Ya saki igiyar. Ya yi ta dariya har sai da anka ba shi ruwa.

Lauya ta rufe littafinta. Ba ta buga shi ba, rufewa ta yi kamar mai rufe wa jinjiri ƙofa.

Litinin, la'asar

Hinde ta kawo mini fura da kanta, ta tsaya har na sha. Ban san fassarar wannan ba, kuma ba ya cikin fihirisa.

Laraba, da safe

Lauya ta koma makaranta, jarrabawa ta matso. Ta kwashe takardun duka, har na hauzi da ke ƙarƙashin tabarma. Na ce mi za ki yi da su, ai sun mutu? Ta ce bincike ba ya mutuwa, wani zai zo da tambayar da sunka dace da ita.

Na raka ta tasha. Na ce in an tambaye ki a jarrabawa mi ke kashe shari'a, ki rubuta sunana, za ki ci. Ta ce, "Baba, da ni ce ma..." Sai mota ta tashi. Ban ji sauran ba. Na zaɓar mata ƙarshen da nika so, na dawo gida da shi.

Jumma'a, bayan an sauko masallaci

An yi ruwa. Mai yawa. An ce Kebbe ma ta samu. Na'iya ya ce ya ga shanun huɗa a fadama.

Asabar, azahar

Babu kujera a zaure yanzu. Hinde ta turara irin, ta kai inji. Shi munka ci yau.

Ta tambaye ni ya ya yi. Na ce ya yi. Ta miƙo mini gishiri, na ce bar shi.